Inuwa Mai Yaɓe da Motar Hedimasta

Rigimar farko da Inuwa ya yi a garin Ikara da ni ya yi ta, kuma ya sha kaye. Shekara ashirin da biyu ke nan. Lokacin bai fi wata uku da dawowa daga Zariya ba, inda ya yi shekara bakwai yana koyon gyaran jikin mota, aikin da ake kira fanel bita. Ya kafa rumfar kwano a bakin titi, ya rataye guduma iri-iri, yana tafiya yana buɗa hammata kamar shi ya ƙera motar farko a duniya.

Marigayi maigidana, Malam Iliyasu, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da muke ɗauko tumatir da ita daga ƙauyuka. Tsatsa ta cinye ƙasan gidan gaba, daidai inda na kusa da direba yake ajiye ƙafa, wato daidai wurina. Inuwa jikan yayata ne, jikana ke nan, sai na ce a kai masa, a taimaki na gida. Kwana ɗaya ya yi ya dawo da mota. Wuri ya yi sumul, baƙi wuluk, har ƙyalli yake yi.

Bayan sati biyu, muna dawowa daga Paki da kwanduna cike, mota ta faɗa wani rami, sai na ji iska tana hura min zane ta ƙasa. Na sunkuya, ga hanya tana gudu tsakanin ƙafafuna. Takalmina na dama ya bi ta wurin, sabo fil, tsarabar Makka. Malam ya tsaya, muka duba har cikin gonakin mutane, babu shi babu dalilinsa. Abin da muka tsinta shi ne facin Inuwa: kwalin madara da guntuwar ragar taga, an lafta musu farin ƙullin nan da suke kira fila, an bi da baƙin fenti.

Ranar kasuwa ce, titi cike da jama'a. Ban wuce gida ba. Na sauka a rumfarsa, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, faci a hannuna.

"Angona, fito ka ga baƙuwa."

Ya fito yana goge hannu. "Kaka, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Tambaya ce ta kawo ni. A Zariyar nan da ka je, wurin masu ƙarfe aka kai ka ko wurin masu yaɓen rumbu?"

Ya kalli facin, ya kalli mutanen da suka fara taruwa, ya ɗaure fuska. "Haka ake yi a birni. Kowa ma haka yake yi. Ku ne kuka yi wa motar lodin da ya fi ƙarfinta."

"Lodin a baya yake, ɗan nan. A gaba ni ce, ni kuwa ko a shekarar da na fi ƙiba ban kai buhun masara ba."

"To ramin hanyar fa?"

"Ramin nan yana wurin tun ubanka yana goye. Bai taɓa cin takalmin kowa ba sai da ka buɗe masa ƙofa."

'Yan acaɓa suka tuntsire da dariya, har mai rake ya ajiye wuƙarsa. Inuwa ya sunkuyar da kai. Na cire na hagun na ɗora masa a kan benci. Na ce, "Riƙe wannan, ni ba shi da sauran amfani a wurina. In ka tashi yaɓen gobe ka liƙa da shi, ya fi kwali ƙwari." Na tafi gida da ƙafar Allah. Kafin magariba duk Ikara ta san shi da Inuwa Mai Yaɓe, har yau kuma ko a waya haka mutane suke ajiye lambarsa.

Abin da ya sa sunan ya yi masa zafi shi ne, Inuwa ɗan maƙera ne. Gidansu a Paki tun kakan kaka ƙarfe suke duka. Ubansa, Malam Yahya, ya so ya gaje shi a maƙera, shi kuwa ya ƙyalla ido ya ga mota ya ce atafau sai ita. Da labari ya kai Paki, washegari Malam Yahya ya hau kekensa ya zo. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki facin ya ɓantara da yatsu biyu kamar ƙuli-ƙuli, ya ajiye, ya karkaɗe hannu, ya ce a gaida mutanen gida, ya hau keke ya koma. Inuwa ya ce min daga baya da ma marinsa ya yi.

Tun daga ranar ya sake hannu. Ya buga ƙusa a ginshiƙin rumfar ya rataye takalmina, a ƙarƙashinsa ya ajiye gwangwanin fila, yadda duk lokacin da ya miƙa hannu zai ɗiba sai sun haɗa ido. Ba wai ya daina taɓa filar ba ne. Yana shafa ta, amma sama-sama, bayan ya yanke tsatsa ya sa ƙarfe sabo. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce ko ni ai sai na wanke fuska nake shafa hoda. Na ce wa ya gaya maka ina shafa hoda, kyan nan haka aka haife ni da shi.

Wanda bai san shi ba, in ya gan shi ba zai ce komai ba. Gajere ne, baƙi, rigarsa duk hujin tartsatsin walda kamar rariya. Kunnensa na hagu ya toshe saboda dukan ƙarfe, in za ka yi masa magana sai ka zagaya ta dama, in kuwa maganar ba ta yi masa ba sai ya juyo maka da na hagun. Ba ya iya wuce ƙarfe bai ƙwanƙwasa ba. Ƙofar masallaci, bokitin matarsa Naja'atu, gadon asibiti ranar da ya je duba ni, duk sai ya buga da bayan yatsa ya kasa kunne. A aljihunsa akwai mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika, ya sa shi cikin safar jariri don kada ya karce fenti. Yana bin jikin mota da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, wani ya taɓa yin yaɓe a wurin. Dillalan mota na Makarfi in sun hango shi a kasuwa sai su tsaya jikin motarsu suna kare ta da babbar riga.

Arziki dai bai yi ba. Aikinsa na kullum motocin tumatir ne, waɗanda ruwan tumatir yake cinye wa baya, da na rake, da Keke mai ƙafa uku da ta sha karo. Aikin da wani zai yi kwana biyu shi sai ya yi sati. A tsallaken titi kuwa akwai Tukur Shaf-shaf, wanda in ka kawo masa mota da hantsi za ka ɗauka da la'asar tana sheƙi. Direbobi suna son sheƙi. Sai bayan damina ɗaya, in fenti ya kumbura ya fashe, su tsallako wurin Inuwa suna sosa ƙeya, shi kuma ya juya musu kunnen hagu na ɗan lokaci kafin ya karɓa.

To, a bara ne motar Hedimasta ta zo hannunsa.

Hedimasta Felix mutumin kudancin Kaduna ne, ya zo nan koyarwa yana saurayi, a nan ya tsufa, a nan aka binne shi shekara goma da suka wuce. Matarsa, Sista Veronica, nas ce mai karɓar haihuwa, rabin mutanen garin nan a hannunta suka yi kukan farko, har da 'ya'yan Inuwa huɗu. Ƙawata ce, ko da yake na girme ta nesa ba kusa ba. Hedimasta yana da wata mota da ya saya a hannun wani malami Ba'indiye da zai bar Zariya, tun kafin ya yi aure. Irin motocin tseren nan ce: ja, ƙofa biyu, kujera biyu, rufin tamfol, ga dogon hanci, cikinta kuwa kusan yana shafar ƙasa. Mu Ƙadangaruwa muke ce mata. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali, in ta ga kwalbati sai ta bi shi a karkace. Amma a cikinta ya ɗauko Sista daga coci ranar aurensu, kuma ita ce motar da Inuwa ya gani a Paki yana ƙarami, lokacin da Hedimasta yake koyarwa can, ya ji maƙera ta fita ransa.

Autarsu Hephzibah za ta yi aure Asabar ta bayan Ista. Ta ce wa uwarta tunda babanta ba ya nan ya riƙe hannunta zuwa coci, to motarsa za ta kai ta. Ba ta nemi wani abu ba sai wannan. Saura sati biyar.

Motar tana bayan gida ƙarƙashin wata rumfa mai yoyo, tayoyi sun nutse a ƙasa. Da shanun huɗa biyu aka jawo ta, Julius, babban ɗan Sista, yana riƙe da sitiyari, yara suna bi suna ihu har bakin rumfar Inuwa. Julius manomin masara ne a Saulawa, mutum ne mai kirki, sai dai yana da gaggawa kamar mai jin fitsari. Inji aka ba Saminu makanike, ya ce shi ba matsala. Jiki ne ya rage.

Ina wurin ranar, don in ana abin kallo a Ikara ba a rasa ni. Inuwa ya zagaya ta sau uku bai taɓa ba. Sannan ya fara ƙwanƙwasawa. Ƙofa ta amsa da kyau, hanci ya amsa da kyau. Da ya buɗe but ya danna ƙasan da babban yatsa, yatsan ya shige, wuri ya zubo kamar ƙanzo. Ya ɗaga shimfiɗar, ya dangwalo wani farin abu mai kama da gishiri, ya murza, ya shinshina.

"Julius, me kuke ajiyewa a cikin motar nan?"

"Ba komai, Malam Inuwa. Tana nan a kulle tun rasuwar Baba."

Sista ta dube shi ta saman tabarau. "Julius."

"Taki ne kawai, Mama."

Ashe damina tara ke nan Julius yana ɓoye takin zamani a cikinta. Ya ce sito yana yoyo, ga awaki, ga maƙwabta masu zuwa a sam musu mudu ɗaya. Mota kuwa tana da makulli, kuma babu wanda zai yi tunanin leƙa ta. Buhu biyu a but, biyu a kan kujerar fasinja, yuriya da kamfa, duk shekara. Ruwa yana ɗiga ta tamfol, taki yana narkewa yana tsiyaya.

Inuwa ya ce, "Ka taɓa barin fartanya cikin buhun taki ta kwana biyu?"

"Haba, wa zai yi haka? Ai cinye ta zai yi."

"To."

Na ce wa Julius, "Ɗana, ka yi ƙoƙari. Shekara tara kana zuba mata taki, da masara ce da yanzu ta fi gidanku tsawo."

Kwana ukun farko Inuwa bai taɓa guduma ba. Wanke ta ya yi ta yi, ruwan zafi da na sanyi, jarka bayan jarka, yana cewa muddin da sauran gishirin taki a lungu, duk ƙarfen da ya sa zai bi na farko. Julius ya zo ya tarar da shi da soso, ya ce shi wurin fanel bita ya kawo mota ba wurin masu wanki ba. Inuwa ya juyo masa da kunnen hagu.

Sai yanka. Duk inda tsatsa ta taɓa ya bi da injin yanka, yana ƙara faɗin yatsa biyu cikin lafiyayyen ƙarfe, har but ɗin ya koma kamar kwandon da ba gindi. Dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi ma ya farke su. Kwali yana nan a aikinsa har yau, amma na awo ne: ya kara shi a rami ya zana, ya yanka, ya ɗora a kan ƙarfe ya fitar da irinsa. Ƙarfen kuwa daga rufin wata matacciyar bas ya samo shi a Kudan, don ya ce rufi ne wurin da tsatsa take zuwa a ƙarshe, kuma kaurinsu ɗaya. Inda ake son lanƙwasa, tsohon turmin Naja'atu yake ɗorawa a kai ya yi ta bugu a hankali har ƙarfen ya ɗauki kwarin turmin. Nan ne za ka ga jinin maƙera. Walda kuma ɗigo-ɗigo yake yi, ɗaya a nan, ɗaya can nesa, ya dafa da jiƙaƙƙen tsumma, ya jira. Ya ce ƙarfen motar nan siriri ne, in ya sha zafi a wuri ɗaya sai ya murɗe, ba ya kuma dawowa. Mai kallo sai barci ya ɗauke shi. Ni ma ya ɗauke ni sau biyu a kan bencinsa.

An shirya cewa ranar Litinin ta satin biki za a kai motar Makarfi wurin Ukasha mai fenti, ya mayar da ita ja kamar da, ya dawo da ita Juma'a. Komai yana tafiya daidai, sai abu ɗaya. Notunan kujerar fasinja sun ƙi kwancewa. Kullum da safe Inuwa yana ɗiga musu mai yana gwadawa, ba ya son ya yanka don kada wuta ta taɓa fatar kujerar, wadda Sista ta ce a bar mata yadda take. Ta ƙasa kuwa ya leƙa tun ranar farko, ya ga baƙin kwalta da aka shafe cikin motar da shi tun daga kamfani yana nan lafiya, sai hankalinsa ya kwanta.

Ranar Asabar, saura kwana bakwai, ya sa ƙarfi ya ja. Kujera ta taso gaba ɗaya, da notunanta, da ƙasan da suke ɗaure a jiki. Kwaltar ce kaɗai take riƙe da wurin. Har babban ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashin kujerar, wanda yake ɗauke da nauyin wannan gefen, taki ya cinye shi ya bar ɓawo.

Aka kira Sista da Julius. Tukur ya tsallako ba a gayyace shi ba, ni ma haka.

Inuwa ya ce, "Mama, laifina ne. Mu nan tsatsa daga ƙasa take zuwa, daga laka, shi ya sa ta ƙasa na duba. Wannan daga sama ta ci. Julius ya faɗa min nan aka jibge buhuna, ya kamata in gane tun farko."

"Kwana nawa zai ci?"

"Biyar, in wuta ba ta yi mana halinta ba. Shida in ta yi."

Julius ya lissafa da yatsu. "Fentin fa?"

"Babu fenti. Zan shafa mata na farko mai ruwan toka a inda na yi aiki, don kada tsatsa ta dawo. Ja sai bayan biki."

"Kana nufin ƙanwata ta shiga coci a mota rabi ja rabi toka? Dangin ango daga Kaduna za su zo, Malam Inuwa! Da masu hoto!"

Tukur ya yi gyaran murya. "Oga Julius, ku ba ni ita. Raga zan sa, in shafe, gobe war haka ta bushe, Litinin tana Makarfi. Daga gidanku zuwa coci ko kilomita biyu babu. Amaryar ma nawa take? Bayan biki sai ku dawo wa Malam da ita ya yi ta dukanta har Sallah."

Gaskiya maganar ta shiga kunnen Julius, ni ma ta ɗan shiga nawa, don kilomita biyu ba Paki ba ce. Julius ya ce, "Ka ji. Ko kai ka yi hakan mana, na kwana ɗaya ne kawai."

Inuwa ya ɗaga kai. Na ga idonsa ya je kan ginshiƙi ya dawo. Ya ce, "Tsakanin gidanku da coci akwai tudun rage gudu huɗu da kwalbati ɗaya. Motar nan cikinta yana taɓa kowanne. Motarku ce, in za ku tsallaka da ita ga ta nan, ni zan taya ku turawa. Amma hannuna ba zai shafa komai a wurin da yarinyar nan za ta zauna ba."

"In kuma Asabar ta zo ba ka gama ba fa?"

"Sai ta shiga wata motar, ku kuma ku ƙara min suna a kan wanda nake da shi."

Sista ta durƙusa, da ƙyar saboda gwiwa, ta sa hannu a ramin ta ɓantaro ɓawon ƙarfen ta duba. Ta miƙe tana riƙe da kafaɗata. Ta ce, "Shekara talatin da biyar ina ɗinke mutane. In ciki ya ruɓe ba a rufe fata a kai, ko mai ciwon ya yi kuka. Inuwa, yi aikinka. Julius, kai da ka zuba takin, je ka nemo janareta."

Wuta ta yi halinta, ranar Talata da Laraba ba a ga ƙyallinta ba, janaretan Julius ne ya cece su. Babban ƙarfen nan Inuwa bai yarda da rufin bas ba. Ya hau babur ya je Paki, maƙerar gidansu, inda ƙaninsa yake zaune yanzu a mazaunin marigayi Malam Yahya, suka naɗe wani mai kauri su biyu a kan uwar maƙera. Rabonsa da zama a wurin tun yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ya dawo da shi ɗaure a bayan babur kamar an yi masa kyautar rago.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya mayar da kujera ya ɗaure. Ya aiko a kira ni.

"Kaka, zo ki zauna mu zaga gari."

"Allah ya kiyaye. Takalmina sabo ne."

Sai ya ɗora buhun masara biyu a kan kujerar, ya ce wa Julius ya lura, masara ce ba taki ba, Saminu ya tayar da inji, ya bi hanyar coci sau uku, yana hawa kowane tudu. Saminu ya dawo, Inuwa ya shiga ƙarƙashi da tocila ya daɗe. Da ya fito ya wanke hannu ya nemi shayi.

Motar kam ba ta yi kyan gani ba, ba zan yi wa jikana ƙarya ba. Jan ya koɗe ya koma kalar busasshen barkono, ga toka a gindi, toka a ƙarƙashin ƙofofi, toka a but. Matan zumunta na cocinsu suka zo da safiyar Asabar da leshi da ribon da balan-balan, suka rufe abin da zai rufu. Wanda bai rufu ba ya fi yawa. Hephzibah ta fito cikin farar riga, ta tsaya ta shafa hancin motar, ta ce, "Baba Inuwa, har ƙamshin kujerar yana nan." Ta tattara rigarta ta shiga, Julius ya ja. A tudu na farko cikin motar ya gurji siminti har da ƙara, mata suka yi salati, na coci suka kira Yesu, Ƙadangaruwa ta sauka ta ci gaba abinta. Sista tana bayansu a wata motar, an ce min tun daga gida har coci ba ta ɗauke ido daga kanta ba.

Mu muka wuce filin firamare inda za a yi liyafa muka jira. Da aka fito, ango ne ya karɓi tuƙi, mota ta shigo fili a hankali tana jan balan-balan ɗaya da ya rage. Aka ajiye ta gefen rumfa, kuma kamar yadda Julius ya ji tsoro, baƙin Kaduna suka kewaye ta suna nuna tokar da yatsa. Inuwa yana zaune a bayan rumfa da farantin shinkafa, ya sa sabuwar shadda wadda ko huji ɗaya babu. Tukur ya ja kujera kusa da Julius, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni dai da an ba ni, da yanzu hoton nan ya yi ma'ana. Kwana ɗaya tak. Dubi yadda mutane suke dariya."

Julius ya ce, "Na faɗa, ba a ji ba. Yanzu hoton nan har jikoki za su gani."

Wani daga cikin dangin ango ya ce ai a Kaduna ba za a fito da irin wannan ba. Wani direba ya ce Tukur yana da gaskiya, wani ya ce ba shi da ita, magana ta yi tsawo har mai lasifika ya fara kallonmu. Inuwa yana ta cin shinkafarsa, ya ba su kunnen hagu. Ni kuma bakina ya yi ƙaiƙayi. Na zagaya ta damansa, na ɗaga murya.

"Angona, ni fa ka ba ni kunya. Shekara ashirin da ɗaya ina kiranka Mai Yaɓe, yau da ake neman yaɓen ka kasa. Sati biyar kana dukan motar mutane, ka fito da ita dabbare-dabbare kamar akuyar Saulawa. Faɗa wa jama'a, me ka gyara a jikinta?"

Ya ajiye cokali. Daidai lokacin amarya ta taso tsakiyar fili za ta yi rawa, ta ɗage farar rigarta da hannu biyu don kada ta taka. Inuwa ya nuna ta da haɓa.

"Kaka, idonki ya fi nawa. Duba min ƙafar amarya. Takalmi nawa kika gani?"